Ranar da na kai GRUB gidan da ba nasa ba

Asabar, Unguwar Rogo, Jos. Sha ɗaya saura na dare.

Yatsuna sun ƙage don sanyi, amma sai na rubuta wannan kafin in shiga bargo. Yau na sha kunya a gaban Kawu, kuma da hannuna na jawo wa kaina.

Jiya bayan Isha'i ya aiko jikansa da kwamfutarsa a naɗe cikin tsohuwar sallaya, da saƙon in duba ta, wai ta fiye tunani. Tsohuwa ce ta gaske: Core 2 Duo, RAM giga 2, faifan ajiya giga 250, batirinta ya mutu tun tuni, sai a jikin wuta take numfashi. Windows 7 ke kanta, wanda aka daina yi wa gyara tun 14 ga Janairun 2020. In ka kunna ta, sai ka dafa shayi ka shanye ka dawo ka tarar ɗan zoben nan yana ta juyawa. Wani ya ba shi shawarar a sa mata Windows 10. Na ce wannan ai ɗora wa jaki kayan raƙumi ne, balle shi ma an rufe littafinsa tun Oktoban 2025.

Bukatar Kawu ba ta da yawa. Tun da ya yi ritaya yake rubuta tarihin gidanmu, daga kakansa da ya taso daga ƙasar Kano ya zo haƙar kuza wajejen Bukuru zamanin Turawa, har zuwa kanmu. Ya haura shafi ɗari. Wurin rubutu yake so, sai ɗan leƙa labarai da safe. Shi ya sa na zaɓa masa antiX 23, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux marasa nauyi, wanda aka gina a kan Debian 12. Na yi tunanin Lubuntu, amma da giga 2 gara wanda ya fi kowa ƙarancin ci. Na sauko da cikakken, mai ɗauke da manhajar rubutu ta LibreOffice a ciki, da datar dare. Na gwada lambar SHA256 ɗinsa, wadda ke nuna ko fayil ya sauko lafiya, da wadda ke shafinsu, suka yi daidai harafi da harafi, na kwanta ina jin kaina wani babban gwani.

Filashi biyu na yi aiki da su, kuma a nan ne labarin yake. Shuɗi, mai giga 16, shi na fara kwashe wa duk takardun Kawu da hotunan bikin 'ya'yansa. Ja kuma shi na rubuta wa antiX.

Tuntuɓen farko ƙarami ne. Da na rubuta ja da manhajar Rufus a kwamfutata, na bar shi a tsarin GPT, irin na injinan zamani masu UEFI. Ta Kawu kuwa ba ta san wannan yare ba, tsohon BIOS, ɗan tsarin da ke fara tada inji da zarar an kunna, kawai ta sani. Ina sa shi ta watso min gargaɗi da manyan haruffa cewa wannan filashi na UEFI ne kaɗai. Na koma na sake rubuta shi a tsarin MBR, minti goma, ta karɓa. Wannan bai dame ni ba, don ta faɗa min laifina ƙarara.

Wajen tara na safe na fara sakawa. Na shiga BIOS na sa filashi a gaban layi, yadda duk wanda ke jiki shi za ta fara tambaya. Na share ɓangarorin Windows, na yanka babba guda na ext4, tsarin ajiyar fayilolin Linux, na bar giga 2 na suwaf, wurin da ke agaza wa RAM in ya cika. Duk wannan ina yi ne ido ɗaya a allo, ɗaya a ƙwan fitila, don kwamfutar da ba ta da batir, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta faifai, sai dai a koma farko. Da aka zo shafin da ake tambayar inda za a ajiye GRUB, ɗan shirin da ke tada Linux in an kunna, zaɓi uku ne, MBR da PBR da ESP, sai kuma sunan faifan a gefe. Na zaɓi MBR, wato gaban faifai, daidai ne. Na ga sda, sunan da Linux ke ba faifai na farko, na danna. Ban karanta girman da ke rubuce kusa da shi ba. Shekara nawa ina wannan aikin sda shi ne faifan ciki, me zan tsaya karantawa?

Aka gama lafiya, wuta ba ta ko ƙifta ba. Na zare ja, na sake kunnawa. GRUB ya fito, antiX ya hau cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, ɗan ma'aunin da ke gefen allo yana nuna RAM ɗin da ake ci bai kai mega 200 ba. Na kashe na kunna har sau uku don in tabbatar. Duk ukun nan shuɗin filashi yana maƙale a jikinta ta gefen hagu, don da shi nake mayar da takardun Kawu. Na gama kwafa, na kashe, na zare shi na jefa aljihun jamfa, na naɗe kwamfuta a sallayarta.

Bayan Azahar na hau keke zuwa Gangare. Na tarar da Kawu a ƙofar gida yana shan rana da abokansa biyu, kowa da hular sanyi a ƙarƙashin rawani ko a kan kunne. Muka gaisa, ya sanyi, sanyi lokacinsa ne. Ya ce, “Ga injiniyanmu nan, ku zo ku ga aiki.” Aka jawo waya daga zaure. Ni kuwa har da ɗan jawabi, cewa yanzu kafin ya gyara zaman gilashinsa ta gama tashi. Na danna.

Baƙin allo. Layi ɗaya a can sama: Missing operating system.

Na kashe na kunna. Shi dai. Na sake. Duk sanyin nan na Disamba sai da gumi ya keto min a ƙeya. Ɗaya daga cikin dattawan ya leƙo ya ce me ta ce? Kawu, wanda ya koyar da Turanci shekara talatin, ya fassara masa a nitse: “Ta ce ba kowa a gida.” Sannan ya juyo gare ni, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce, “Ɗan nan, littafina fa?” Na ce yana nan Kawu, wallahi yana nan, na taɓa aljihu. Amsar duk matsalar tana ƙarƙashin tafin hannuna a daidai wannan lokacin, ban sani ba.

Abin da ya zo min a rai shi ne faifan ya mutu a hanya. Tsoho ne, ga gargadar titi, ga keken da ya faɗa rami biyu da mu. Na fi son wannan bayanin saboda ba ni da laifi a cikinsa. Na ce wa Kawu zan je in sayo wani faifan, na kama hanyar Taminus.

Akwai wani mai gyara a wani lungu kusa da titin Ahmadu Bello, ba nisa da kangon babbar kasuwar da ta ƙone a 2002. Shagonsa bai fi mutum biyu su tsaya ba, allunan kwamfutoci jere a bango kamar kilishi. Na girme shi, amma Oga nake ce masa, don ya cancanta. Na ce ya ba ni faifai na hannu mai lafiya. Bai ɗauko ba. Ya kunna, ya shiga BIOS, ya nuna min faifan nan da sunansa da girmansa. Ya kara kunne a jikinta, ba ƙara, ba ƙwas-ƙwas. Ya ce, “Yallaɓai, wannan saƙon ba na BIOS ba ne, ba kuma na Linux ba. Muryar Windows ce. Da ka gwada a gida, me ke jikinta?”

Na yi shiru. Na sa hannu a aljihu.

Muna soka shuɗin filashi ta tashi garau, kamar ba ita ba. Oga ya yi dariya har da buga tebur. Ya buɗe tagar umarni ya rubuta lsblk. Ga su nan: ɗaya 232.9G, wato faifan ciki, ɗaya kuma sha huɗu da ɗoriya. A wannan tashin na ciki shi ne sda, filashi sdb. Da safe kuwa, da filashi biyu a jiki, shuɗin ne ya riga amsawa ya karɓe sda. Haruffan nan ba sunan yanka ba ne, Linux na raba su ne bisa wanda ya fara gani, kamar lambar layi a asibiti.

Na san karatun nan tun da daɗewa, amma yau ne ya zauna min. Gaban kowane faifai mai tsarin MBR akwai ɗan wuri mai bayit 512. A ciki, 446 na ɗan umarnin da ke tada inji ne, 64 na teburin ɓangarori huɗu, biyun ƙarshe kuma hatimi ne, 55AA, wanda in babu shi BIOS ba zai kula faifan ba. BIOS ba ya sanin Linux ko Windows. Abin da ya iya kawai shi ne ya ɗauko wannan ɗan guntun ya miƙa masa ragama. GRUB ya fi ƙarfin wurin, don haka yake rarraba kansa: ɗan ƙarami a cikin 446 ɗin, na biye a filin da ke tsakanin MBR da ɓangaren farko, sauran kayansa kuma a /boot/grub cikin faifan da aka saka tsarin. Ni sai na kai kashi biyun farko kan shuɗin filashi, na bar na ukun a ciki. Gaban faifan Kawu kuwa har yanzu tsohon umarnin Windows 7 ne zaune, don share ɓangarori ba ya taɓa shi. Ya farka, ya nemi ɓangaren da aka yi wa alamar tashi, ya tarar da ext4 da bai san kansa ba, ya ce ba kowa a gida. Gaskiya ya faɗa iyakar saninsa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne takardun Kawu. Na yi rubutu a gaban filashin da ke ɗauke da kwafin littafinsa. Abin da ya cece ni, GRUB bai taɓa teburin ɓangarori ba, bai kuma shiga inda fayiloli suke ba. Da a shafin yanka faifai na yi wannan gangancin, bayan na riga na share Windows, da yanzu wani labarin ake yi, da kuma ban san da wane ido zan kalli Kawu ba.

Gyaran kansa layi biyu ne. sudo grub-install /dev/sda, bayan na karanta girman sau biyu da babbar murya, Oga yana min dariya. Ta amsa: Installation finished. No error reported. Sai sudo update-grub. Muka kashe, muka zare filashi, na ajiye shi can kan benci nesa da ita, muka kunna. Ta tashi da ƙafarta.

Ina shirin tafiya ya ce in tsaya in ga ƙanwar matsalata. Wata kwamfutar ɗalibi ce da ya goge ɓangaren Linux daga cikin Windows don ya sami wuri, ta tsaya a grub rescue tana cewa no such partition. Tasa kishiyar tawa ce: kan GRUB na nan a gaban faifai, gangar jikin ce aka share. In da ɓangaren na nan, lamba kawai ya canza, da sai a bi da ls a nemo shi, a nuna masa hanya da set prefix, a ce insmod normal, a ce normal, ya hau. Wannan kam babu abin nema, sai dai a mayar wa Windows nasa umarnin.

Sai kuma ga tuntuɓe na uku. Na jona kwamfutar Kawu da intanet ɗin wayata don in sabunta, apt mai sauko da manhajoji ya ƙi, wai takardar ma'ajiyar not valid yet, lokacinta bai yi ba tukuna. Burauza ma ta ƙi buɗe shafuka. Muka duba agogo: kwamfutar tana can shekarar 2009. Ɗan batirin da ke riƙe wa BIOS lokaci ya mutu, ga babban batir babu, don haka duk sanda aka zare wayar wuta sai ta koma ranar haihuwarta. Shafukan intanet kuwa takardun shaidarsu na da ranar farawa da ranar ƙarewa, wanda ke 2009 duk na gobe ne a wurinsa. Oga ya kwance murfin ƙasa. Batirin CR2032 ne, kamar kwabo, an naɗe shi a baƙar roba da 'yan wayoyi biyu, ja da baƙi, ƙura ta yi masa rawani. Ya canza, muka saita agogo. Kuɗin batir kawai ya karɓa. Na saya masa masa da shayi a bakin layi, ya ce ladan dariyar da ya sha ma ya ishe shi.

Na koma Gangare ana kiran Magariba. Bayan salla na kunna a gaban Kawu, ba jawabi wannan karon. Na ba shi labari yadda ya faru, ban rage ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Wato ka gina min gida, ka tafi da makullin a aljihunka.” Inna daga ciki ta ce a bar yaro ya ci tuwo.

Ya buɗe littafinsa a LibreOffice, ya gangara har shafin ƙarshe yana duba ko wani abu ya zube. Ba abin da ya zube, sai wasu kanun babi da suka ɗan goce saboda bambancin salon haruffa. Na kunna masa tsarin allon rubutu na Hausa da ke zuwa a cikin Linux. Shekara uku yana rubuta kasa a inda yake nufin ƙasa, yana cewa zai bi da biro in an buga. Ya sa na nuna masa inda ƙ take, ya danna ta, ya sake dannawa, ya cika rabin layi da ita, sannan ya goge ya koma babi na ɗaya.

Sauti bai fito ba har na taho, ban gano dalili ba, na ce masa sai gobe bayan La'asar. Shuɗin filashin yana nan gabana a kan tebur da rabin GRUB a goshinsa. Na san umarnin dd, mai rubutu kai tsaye a kan faifai, da zai share shi, amma ba zan rubuta dd da sunan wani faifai a daren nan ba.