Mikin ƙafar Bidi ya bushe bayan sati bakwai muna fama da ƙuda

Yau da asuba na kwance bandejin ƙafar dokina Bidi na tarar da audugar a bushe, babu ruwa babu jini. Na daɗe a tsugunne ina haska wurin da fitilar waya kafin na yarda da idona. Alhamdu lillahi. Sati bakwai cif ke nan rabona da ɗora masa sirdi, kuma 'yan'uwa da muke haɗuwa wajen kilisa a Murtala Square sun sha tambayata ina dokin ya shiga. Ga abin da ya faru, musamman don waɗanda wannan ce daminarsu ta farko ko ta biyu da doki a gida, irina.

A ƙarshen watan Mayu aka yi wani hadari mai tsawa da dare, ya firgita a turke, igiyar dabaibayi ta goge masa fata a ƙafar baya ta hagu, sama da kofato kaɗan. Faɗin wurin bai wuce murfin kwalbar lemo ba. Na wanke da ruwan gishiri, cokalin shayi ɗaya a rabin litar ruwan da aka tafasa ya huce, na sa masa shuɗin maganin nan, washegari aka yi masa allurar tetanus tunda ba a taɓa yi masa ba a hannuna. Kwana uku wurin ya kama bushewa, na cire shi daga raina.

A sati na biyu abu ya juye. Maimakon ya haɗe, sai mikin ya riƙa faɗi, nama ja ya tsiro ya fi fatar tudu, kamar tsokar kankana, da an taɓa sai jini. A cikinsa akwai wasu 'yan ƙwayoyi rawaya masu tauri, kamar tsakin gero, in ka goge yau gobe ka tarar da wasu. Ga ƙaiƙayi. Da idona na ga ya lanƙwaso wuya yana gatsar wurin da haƙori, in ya gaji ya goga da ɗaya kofaton. Ƙuda kuwa ba a magana, daga hantsi zuwa la'asar baƙi ƙirin suke a kan ƙafar, shi kuma yana ta buga ta da ƙasa har kofaton ya fara tsagewa a baki.

Na koma ɗaure shi. Wanda bai taɓa riƙe bandeji a ƙafar doki cikin daminar Kaduna ba, ba zai gane wahalar ba. Ka ɗaure da safe, kafin azahar ya jiƙe da fitsari da taɓo, ka sake. Ran nan don haushin yadda yake zamewa na tamke shi sosai ba tare da na shimfiɗa auduga mai kauri a ƙasa ba, da yamma ƙafar ta kumbura har sama. Na yi ta zuba mata ruwan sanyi kusan minti 20 kafin ta fara saɓewa, ranar ban yi barcin kirki ba. A bandeji da auduga da maganin feshi kaɗai na kashe sama da N30,000 a sati uku, mikin kuma kullum gaba yake yi. Wannan kuɗin har yanzu yana ci mini rai.

Baban da ke taya ni aikin barga, wanda ya shekara da shekaru yana riƙon dawaki a Zazzau, ya kawo mini baƙin mai a gwangwani. Ya ce, "Ɗana, tun ba a haife ka ba muke sa wannan, ƙuda ba ya sauka a kansa." Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ku bar ni in kira likita tukuna." Ƙuda kam ba zai so shi ba, amma man da ya gama zagaya inji datti ne da guba, yana ƙona ɗanyen nama. Bai ji daɗi ba, ya ajiye gwangwanin. Sai dai akwai inda ya fi ni gaskiya nesa ba kusa ba. Tun farkon damina yake cewa in ɗauke turken daga lungun katanga in mayar inda iska ke kaɗawa, in kuma kwashe tarin kashin dokin da nake ajiyewa a bayan barga don masu zuwa sayen taki. Ban ji ba.

Likitan dabbobi da ya zo bai ɗauki lokaci ba. Ya matso ƙwayoyin nan rawaya a kan auduga ya nuna mini, ya ce tsutsa ce ake kira habronema. Uwar tana zaune a cikin tumbin dokin, ƙwanta ya fito a kashi, tsutsar ƙuda da ke girma a cikin kashin ta haɗiye shi. In ƙudan ya yi fiffike ya sauka a miki, ko gefen ido, ko duk inda ke da danshi a jikin doki, sai ya sauke 'ya'yan tsutsar a nan. A miki ba za su iya girma ba, sai su maƙale, jiki ya yi ta faɗa da su, shi ne ƙaiƙayin da naman da ke tsirowa. Wato sati uku ina wanke ƙafa, alhali tushen ciwon yana cikin cikinsa da kuma jujin da na tara da hannuna, taku goma daga turke.

Ya auna ƙirjinsa da tef ya ƙiyasta nauyinsa wajen kilo 320, ya ba shi maganin tsutsa ivermectin ta baki daidai nauyin, ya yi masa allurar kwantar da jiki ya yanke naman da ya tsiro har ya yi daidai da fata. Jini ya zuba sosai, ya ce kada in damu, irin wannan naman jini ne da shi amma ba ya jin zafi kamar fata. Ya bar mini man shafawa, ya sa ranar da za a maimaita maganin tsutsar. Zuwansa biyu da magunguna sun ci N45,000, ban yi da-na-sanin ko kwabo ba.

A nan ne kuma Allah ya tsare ni daga wata babbar ɓarna. Wani maƙwabcina mai shanu ya ba ni ragowar maganin kaska da yake wanke su da shi, ya ce in fesa wa dokin ƙuda zai gudu. Na nuna wa likita kwalbar, ya duba ya ga amitraz a jiki, ya ce ko kusa. Shanu suna ɗaukarsa, amma doki yana tsayar masa da hanji, ciki ya ƙulle, yana iya kai shi ga mutuwa. Don Allah duk maganin da aka ba ku daga garke ko aka sayo a Zango, ku karanta jikinsa kafin ya taɓa doki.

Sauran aikin na ƙuda ne. Kashi yanzu safe da yamma ake kwashewa, mai baro ya fitar da shi daga gidan gaba ɗaya, kuɗin taki na haƙura da shi. Harawar da ta zube ta jiƙe ita ma ba ta kwana, don ƙudan nan mai cizon ƙafa a cikin ruɓaɓɓiyar ciyawa da ta gauraya da fitsari yake hayayyafa, kuma a wannan ɗumin, ƙudan gida kwana bakwai zuwa goma ya ishe shi daga ƙwai ya tashi. Turke ya koma inda Baba ya ce. Da magariba yana turara ɗanyen ganyen darbejiya a kasko daga nesa, ni kuma na ɗaura tsohuwar fanka a saman barga, wayarta a inda baki ba zai kai ba. Fankar ta fi komai amfani a kan ƙananan ƙwarin nan na magariba da asuba masu ɗauke da annobar dawaki, tunda ba su da ƙarfin tashi cikin iska, kuma suna ratsa idon gidan sauro na yau da kullum. Matsalar ita ce in an ɗauke wuta.

Abin da nake alfahari da shi shi ne safar ƙafa. Na yanki tsohon gidan sauro na kai wa tela ya ɗinka kamar hannun riga. Ta farko ta zame cikin awa ɗaya, ya taka ta ya yaga. Ta biyu muka ninka ragar biyu, muka sa ƙyallen atamfa a bakin sama da na ƙasa, da maɗauri mai mannewa irin na takalmin yara guda uku, muka kuma ɗinka siririyar roba a tsaye don kada ta nannaɗe ta sauko. Ita ce ta ba ni damar barin mikin ya sha iska da rana ba tare da ƙuda ya taɓa shi ba. Guda uku gare ni yanzu, ɗaya a ƙafa, ɗaya a igiyar shanya, ɗaya a ajiye.

Zafin jikinsa duk tsawon lokacin bai wuce 38.3 ba, kullum da safe nake aunawa in rubuta, ci da sha kuma bai ragu ba, wannan ne ya riƙa kwantar mini da hankali. Gashi bai fito a wurin ba tukuna, fatar sabuwa ce, sirara, ruwan hoda, don haka dabaibayi ya haramta a wannan ƙafar, sirdi kuma sai nan da sati biyu in likita ya yarda. Bobuwa ce har yanzu ban samo kanta ba. Jiya ma na kashe biyu a ƙarƙashin cikinsa, kowace ta bar masa ɗigon jini, hayaƙi da fanka duk ba su dame ta ba, kuma feshin da nake yi ba ya kai azahar in ya yi gumi. Wanda ya taɓa ɗinka rigar da ke rufe ciki ba ta goge hammata ba, ina son ganin yadda ya yanka ta. Gobe in Allah ya kai mu zan ja shi da ragama zuwa bakin titi mu dawo, in ga yadda fatar za ta ɗauki tafiya.