Godiya ga duk wanda ya sa hannu a bikin zane da sana'ar hannu na unguwarmu

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu.

Kwana uku ke nan da tashi daga biki, sai yau gajiya ta sake ni har na samu zama in rubuta wannan. Yaba kyauta tukwici, don haka a madadin 'yan kwamitin da aka damƙa wa rumfar kula da muhalli, ga godiyarmu.

Tun muna shiri abu ɗaya ke hana ni barci: mu wuni muna jan hankalin mutane a kan tsabta, gari ya waye a tarar da filin ya cika da leda da robobi. Da hakan ta faru, da mun yi tufka da warwara. Allah ya rufa asiri, ku kuma kuka tsaya mana.

Godiya ta farko ta yaranmu ce da malamarsu ta zane. Mako uku suna tsintar robobin ruwa da murafai, suka wanke, suka ɗaure da waya, har suka haɗa kifin da ya fi babban mutum tsawo. Suka bar cikinsa a buɗe, cunkushe da leda. Ina tsaye wani dattijo ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wa ɗaya daga cikinsu, "'Yata, duk wannan daga ina kuka samo?" Ta ce, "Baba, daga kwatar layinmu ne." Bai ƙara magana ba, sai girgiza kai. A gefe mun rubuta a allo cewa, bisa ƙididdigar OECD, wato ƙungiyar ƙasashe ta haɗin gwiwar tattalin arziki da ci gaba, kashi 9 cikin 100 kawai na sharar roba ake sake sarrafawa a duniya. Kaɗan ne suka karanta allon, amma gaban kifin nan bai rabu da jama'a ba har dare. Malama, Allah ya saka da alheri.

Da la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Magudanar da ke bakin fili ta toshe, ruwa ya juyo ya nufi rumfar masu zane. Kafin mu ankara matasa sun tuɓe takalma, sun naɗe ƙafar wando, sun shiga da shebur da manjagara. Abin da suka riƙa zaƙulowa kusan duk leda ce. Da ruwa ya tsagaita, wani malamin makaranta ya karɓi lasifika ya tuna mana cewa irin wannan toshewar ce ta sa Bangladesh ta haramta ledar cefane mara kauri a 2002, bayan an ga yadda ta ƙara wa ambaliya muni, daga baya Ruwanda ta bi sahu a 2008, Kenya a 2017. Tulin ledar yana gabanmu yana ɗigar ruwa, ba wanda ya nemi ƙarin bayani. Samarin nan, ba mu da bakin gode muku. Ɗan'uwanmu da zanensa biyu suka jiƙe, ka yi haƙuri, mun ga yadda ka daure.

Mun gode wa telolin da suka ɗinka jakunkunan cefane da ƙyallayen da a da shara ce makomarsu. Mun gode wa Inna da ta zauna da bokitinta tana koyar da haɗa taki: ɓawon kayan lambu, busasshen ganye a kai, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa duk mako, ban da nama da mai, cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙar ƙasa. Haka ma ma'aikaciyar jinyar da ta yi bayani cewa hayaƙin ledar da ake ƙonawa yana ɗauke da guba, kuma yara da masu asma ne ya fi yi wa illa.

Akwai laifinmu da ba zan ɓoye ba. Ƙyallayen sanarwar da muka buga na roba ne, wani yaro ne ma ya nuna mana. Gaskiyarsa. Mun miƙa wa teloli su mai da su jakunkuna, baɗi kuma in Allah ya kai mu da fenti za mu rubuta a kan yadi.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne masu shara da 'yan jari-bola da suka kai dare suna ware gwangwani daban, roba daban, takarda daban. Ba a kira su gaban taro ba, ba a tafa musu ba, alhali narka tsohon gwangwanin alminiyam kusan kashi 5 cikin 100 kawai yake ci na makamashin da ake kashewa wajen yin sabo. Da safe na zagaya filin, ko murfin roba ban gani ba.

Duk wanda ya karɓi dashen itace, don Allah a ba shi ruwa safe da yamma har ya kama, a kuma kewaye shi saboda dabbobi. Ranar 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya, za mu bi gida-gida mu duba su. Masu kofunanmu na aro a dawo da su, Asabar mai zuwa kuma da safe akwai yashe sauran magudanar, a zo da shebur.