Godiya Ga Ma'aikatan Asibitin Mishan Da Suka Ci Damina Tare Da Mu

Assalamu alaikum. Wannan saƙo ne daga kwamitin lafiya na ƙauyukanmu da ke bakin fadama a Jihar Jigawa, a madadin dagatai da masu unguwanni da iyayenmu mata. Ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, layin da ke kaiwa har gindin darbejiyar ƙofar asibiti ya ragu. Baƙin ma'aikatan da suka baro ƙasashensu suka zo suka yi damina da mu sun fara ɗaure kaya. Ba mu so su tafi da "mun gode" ta baki kawai. Mun ga ya dace mu faɗi abin da muke godiya a kansa dalla-dalla, domin yawancin aikin ba a idon mutane ake yinsa ba.

Kafin a buɗe ƙofa, mai kula da rigakafi ya riga ya duba firji. Sanyinsa dole ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, ana rubutawa a takardar da ke manne a murfi safe da yamma. A watan Agusta hadari kan rufe rana kwana biyu ko uku, batirin sola ya yi sanyi, sai a kashe fanka da fitilun ɗakin ma'aikata a bar wa firji wutar. Mutane sun ɗauka zafi ne kaɗai ke lalata allura. Ƙanƙara ma tana kashe wasu, irin ta tetanus da ta rigakafin cututtuka biyar da ake yi wa jarirai, shi ya sa ba a jera su jikin ƙanƙara sai an bar ta ta fara zufa. A cikin firjin nan ne kuma ake ajiye allurar tsayar da jini bayan haihuwa. Wanda ya kwana da zafi da sauro don kada firji ya mutu, Allah ya sanyaya masa.

Sai nas ɗin da ke bin layi tun kafin a fara yankar kati. Tana buɗe goyo, ta duba tafin hannun yaro ko ya yi fari fat, ta ɗaga riga ta ga ko haƙarƙari na lotsawa, ta ƙirga numfashi na minti ɗaya cif. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye alamar ciwon huhu ce. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ne. Yaron da ya kasa kama nono, ko yake jijjiga, ko duk abin da ya shiga cikinsa ya dawo, ba ya bin layi. An sha yi mata gunaguni, wanda ya zo tun asuba ya ga an wuce da wadda ta zo da hantsi. Ta sha, ba ta mayar ba. Muna ba ta haƙuri a madadin jama'armu.

Tafintoci kuwa, in ba don su ba da likita baƙo bai yi aikin kwana ɗaya ba. Fassara a ɗakin likita ba juya kalma ba ce. Uwa za ta ce "sanyi ne", tana nufin ƙaiƙayi da fitar ruwa, ba mura ba. Dattijo ya ce "basir", amma sai an bi shi da tambaya a gane ko jini yake gani, ko tsiro ne, ko cushewar ciki ce kawai. "Shawara" na iya zama idon da ya yi rawaya, tana iya zama kasala da zazzaɓin da ya daɗe. Ga kunya: mace ba za ta kama sunan ɗanta na fari ba, sai kakar da ta rako ta ta faɗa. A tambayi shekarun yaro, a ce "da kaka aka haife shi, shekarar da ruwa ya ci gari". Tafinta nagari ya san inda zai tsaya ya ce, "Baba, a yi haƙuri, likita na so ya ji ko da jini", ya san kuma lokacin da zai fita ya turo mace ta karɓe shi. Mun ga yadda baƙin suka riƙa rubuta kalmomin nan a ɗan littafi, har suka iya "ina ke ciwo, Inna?" da "tun yaushe?" da bakinsu.

Saboda shekarun yara ba su da tabbas, sikeli ne alƙali. Zazzaɓin cizon sauro shi ne ya fi cika asibitin daga Yuli zuwa Oktoba, kuma ba a ba kowa magani sai an gwada. Ɗigon jini daga yatsa, ruwan gwaji a raminsa, a jira mintunan da aka rubuta a kwali, galibi 15 zuwa 20. Layi biyu, akwai cuta. In layin tabbatarwa bai fito ba, gwajin ya lalace, sabo za a ɗauko. Wanda ya yi gaggawar karantawa zai sallami mai cuta, wanda ya manta ya dawo bayan awa zai ga layin ƙarya. Coartem kuma, wato ƙwayar maganin zazzaɓin, da nauyi ake bayarwa: kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya, 15 zuwa 24 biyu, 25 zuwa 34 uku, daga 35 huɗu. Sha shida ne cikin kwana uku, na biyu bayan awa 8, kuma da nono ko abinci mai maiƙo yake shiga jiki sosai. A nan ake yin ɓarna a gida. Yaro ya ji sauƙi rana ta biyu, sai a ajiye saura don ƙaninsa, bayan mako biyu a dawo da shi ya fi da tsanani. Mai ba da magani ta riƙa sa uwa ta maimaita bayanin da bakinta kafin ta miƙa mata ledar. Wannan ya ci lokaci, amma ba mu ga abin da ya fi shi amfani ba.

Wanda zazzaɓi ya kayar, allurar atesunet ake yi masa ta jijiya: nan take, bayan awa 12, sannan bayan awa 24. Garin kwalbar miligiram 60 ne, sai an narkar da shi ya yi garau kafin a tsinka, in ya wuce awa ɗaya da haɗawa a zubar. Yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake lissafa masa a kowane kilo, wanda ya kai kilo 20 kuwa miligiram 2.4. Wannan lissafi da fitilar goshi ake yinsa, da ƙarfe biyun dare, uwa na tsaye tana salati.

Tamowa ita ma da damina take tasowa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ana zagaya ɗan tef a damtsen yaro, in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafu biyu sun kumbura yatsa na lotsawa, an shigar da shi shirin kula da masu tamowa. Abincin leda na gyaɗa da madara magani ne, ba alewar gida ba. Muna roƙon iyaye maza musamman: kada a raba shi, kada a kai shi kasuwa.

Makon da amai da gudawa ya ɓulla shi ne ya fi tsaya mana a rai. Cikin yini ɗaya aka keɓe rumfa, ƙofar shiga daban ta fita daban. Bokitin kilorin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, iri uku ne, kowanne da alamarsa: mai rauni na wanke hannu, matsakaici na goge gado da daɓe, mai ƙarfi na amai da bayan gida, kuma kullum sabo ake haɗawa don rana na cinye ƙarfinsa. Ƙullin gishiri da sukari ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ba a rabin lita ba, ba a kuma kwana da shi fiye da awa 24. Wanda idonsa ya zurma, fatar ciki ta ƙi komawa in an ja, sai ƙarin ruwa. Masu shara da masu wanki su ne suka ɗauki bokitan nan dare da rana. Ba a ɗaukar hotonsu, amma da sun yi sakaci da cutar ta bi majinyata gida.

Abin da ya fi ƙarfin asibitin ba su taɓa riƙe shi ba. Mai naƙudar da ta daɗe, ko mai jijjiga, a yi mata allurar farko a rubuta lokaci a takarda, a tura ta Babban Asibitin Jahun. Yaron da jininsa ya ƙare, sai inda ake ƙarin jini. Manomin da kububuwa ta sara, a ɗebi jininsa a busasshiyar kwalbar gilashi a ajiye minti 20, in bai daskare ba dafi ya shiga, a kwance ɗaurin da aka yi masa a gona a hanzarta da shi. A nan muke gode wa masu kurar shanu da masu kwalekwale da 'yan acaɓa da suka riƙa fito da marasa lafiya bakin kwalta lokacin da ruwa ya yanke hanya, da samarin da suka bi su suka ba da jini.

Asibitin na mishan ne, mu kuma galibinmu Musulmi ne. Ba mu ji an tambayi mara lafiya addininsa kafin a duba shi ba, tabarmar salla da buta kuma ba su taɓa barin gindin bishiya ba. Baƙinmu sun sha zafin da ba su saba ba, sun ci tuwon dawa da miyar kuka, sun hau tudu neman sabis don su ji muryar 'ya'yansu, wasunsu ma zazzaɓin ya kwantar da su suka tashi suka koma aiki. Allah ya mai da ku gida lafiya, ya sa ku tarar da iyali lafiya. 'Ya'yanmu ma'aikata 'yan ƙasa, da ku za a ci gaba, Allah ya ƙara muku haƙuri da mu.

Ranka ya daɗe Hakimi, mun gode da umarnin gyaran rijiyoyi. Ranar awon ciki da ranar rigakafi suna nan yadda aka saba. Duk uwar da aka ba ɗanta katin tamowa ta dawo da shi a ranar da aka rubuta mata, ko da ta ga ya murmure. Gayyar cike kwazazzabon da ke hanyar asibiti kuma ranar Asabar ce bayan sallar asuba, kowa ya fito da shebur ko kwando.