Lemon inabi na biki: abin dubawa kafin a sari katon

Duk lokacin da bukukuwa suka kankama a Zariya, musamman bayan ƙaramar sallah da ƙarshen shekara, za ka ga ana loda katon-katon na lemon inabi mai doguwar kwalba daga shagunan 'yan sari na Sabon Gari, wanda wasu ke kira wayin marar giya. Mai biki yakan tarar da kaya iri biyu a gabansa. Ga masu sunan da kowa ya sani, irin su Eva, Veleta da Chamdor, ga kuma wasu masu baƙon suna da dila zai ce maka "duk ɗaya ne, Alhaji, wannan ya fi sauƙi." Wani lokaci gaskiya ya faɗa, wani lokaci kuwa ruwan sukari da kala ne aka zuba a kwalba mai kyau. Ana iya rarrabewa tun a shago.

Da farko a san cewa arha ba koyaushe take nufin rashin inganci ba. A Amurka akwai manyan kantunan sari irin su Costco da Sam's Club, inda sai mutum ya biya kuɗin rajista na shekara kafin ya yi sayayya. Costco ta fito da tambarinta na kanta, Kirkland Signature, a 1995, Sam's Club kuma tana da Member's Mark. Kantin ba shi ne ke noman inabi ko matse shi ba. Yakan je wurin masana'antar da ta riga ta ƙware, ya ba da odar kaya mai ɗimbin yawa, a liƙa masa sunansa. Babu kuɗin talla, babu dillalai a tsakani, kuma Costco kaya kusan iri 4,000 kacal take ajiyewa, don haka kowane iri tana sayensa da yawan da zai sa a rage mata farashi. Cikin abubuwan da suka yi suna da su a can akwai giya, wadda ba ta shafe mu ba, amma tsarin shi ne dai wanda manyan masu shigo da kaya ke bi a nan: su sa wata masana'anta ta cika musu kwalabe da sunan da suka zaɓa. Idan masana'antar ta kirki ce, ka samu kaya mai kyau a farashi mai rahusa. Abin da za ka nema ke nan a bayan kwalba: sunan wanda ya yi, ƙasar da aka yi, sunan wanda ya shigo da shi da adireshinsa, lambar NAFDAC, lambar rukunin da aka cika, da ranar ƙarewar wa'adi. Kwalbar da ta rasa ko ɗaya daga cikin waɗannan a bar wa mai shago kayansa, komai kyan takardar zinaren da ke wuyanta.

Abu mafi muhimmanci ga Musulmi shi ne cewa abin da ake kira marar giya kashi biyu ne, kuma mutane da yawa ba su san da haka ba. Kashi na farko ruwan inabi ne da aka matse, aka tace, aka ɗumama shi don kashe ƙwayoyin cuta, aka ɗura masa gas irin na lemon kwalba. Wannan bai taɓa zama giya ba. Kashi na biyu kuwa an bar shi ya tsima har ya zama giya sosai, sannan aka cire barasar da na'ura, ko dai ta hanyar ɗumama shi a tukunyar da aka zuƙe wa iska don barasar ta tashi da ɗan zafi kaɗan, ko ta tace shi da matata mai ƙananan ƙofofi. Irin wannan akan rubuta masa de-alcoholised ko alcohol removed, kuma dokar ƙasashe da dama ta yarda a bar ragowar barasa har zuwa kashi 0.5 cikin ɗari. Hukuncinsa na malamai ne, amma wanda ke son fita daga shubuha ya nemi wanda aka rubuta grape juice a jerin kayan haɗinsa, da 0.0%, in da hali kuma da tambarin halal. Akwai kwalaben giya ta gaske masu kama da waɗannan sak, har da takardar wuya, don haka kada a aiki yaro ya ɗauko da ido kawai. Duk inda aka ga 5% ko 11% vol, barasa ce.

Jerin kayan haɗi ana rubuta shi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Idan ruwan inabi ne a farko, ko ruwa da daskararren ruwan inabi wanda aka rubuta adadinsa, kana sayen inabi. Idan kuwa ka ga ruwa, sukari, sinadarin tsami, ƙamshi da kala, inabin kuma yana can ƙarshe ko babu shi sam, to lemon kwalba ne ya sa babbar riga, bai kamata a biya masa kuɗin inabi ba. A nan ne arhar da dila ke yabo take ɓuya. A lura da E120, jar kala ce da ake samu daga wani ƙwaro, wasu na ƙyamarta. Lambobin E220 zuwa E228 kuma sinadaran hana lalacewa ne da kan tayar wa wasu masu asma ciwonsu.

Zaƙi ma abin lura ne. Tsantsar ruwan inabi na ɗauke da sukari kusan giram 15 a kowace mililita 100, ya fi na Coca-Cola da ke da kimanin giram 10.6. Kofi ɗaya na mililita 150 ya haura giram 20 ke nan, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada babba ya wuce kimanin giram 50 a yini. Dattawa masu ciwon suga da ake ɗora wa kwalba guda a babban teburi don girmamawa, gara a haɗa musu da ruwa mai sanyi.

Kaya mai kyau ma zafi na kashe shi. Katon ɗin da ya taso daga Legas a buɗaɗɗiyar tirela, ya kwana a kasuwar Singa ta Kano ko ya sauka kai tsaye a sito mai rufin kwano a watan Maris ko Afrilu, ba zai yi daidai da wanda aka ajiye a inuwa ba, ko da ranar wa'adinsu ɗaya. Zafi na sa ja ya koma ruwan ƙasa, fari ya yi duhu kamar shayi, ƙamshin ya koma na dafaffen abu, gas kuma ya sulale ta gefen murfi. Ka ce a buɗe maka katon daga ƙasan jeri, ba wanda ke kan kanta ba. Ɗaga kwalbar ka kalli haske: ruwan ya zama garau, babu abin da ya kwanta a gindi. Shafa wuyanta, in ka ji danƙo to ta yi yoyo. Wayar da ke riƙe da murfi kada ta yi tsatsa. Kwalbar da ta yi gauraye kuma murfinta ya ɗago, alama ce yis ya samu shiga ya fara cin sukarin, abin da yake fitarwa kuwa gas ne da barasa. Wannan zubarwa ake yi.

Kafin a sari da yawa, a sayi kwalba ɗaya ta mai arhar da ɗaya ta mai sunan, a sanyaya su daidai, a zuba wa mutum uku ko huɗu na gida ba tare da sun ga kwalba ba. Na kirki yana da ɗan tsami da ke tare zaƙin, kumfarsa ƙanana ce kuma tana daɗewa tana tasowa. Na banza zaƙi ne zalla da ke manne wa a maƙogwaro, gas ɗin kuma minti kaɗan ya mutu.

Lissafin yawa ba wuya. Kwalba santilita 75 ce, tana ba da kofi 5 na mililita 150, katon kuma yawanci kwalba 12 ne, wato kofi 60. Baƙi 200 za su sha kwalba 40, sai a sayi katon 4 don a samu rarar 8 saboda fashewa da masu ƙari. Idan kwalba za a ɗora a teburin mutum 10, biyu sun isa. Wasu katon ɗin kwalba 6 ne, wasu kwalaben kuma ba su kai santilita 75 ba, don haka a raba farashi da yawan ruwan da ke ciki kafin a ce wannan ya fi wancan sauƙi. A yi magana da dila tun farko ko zai karɓi katon ɗin da ba a buɗe ba.

Ranar biki a jera kwalaben a babbar roba, a zuba ƙanƙara da ruwa rabi da rabi har wuya, minti 30 ya wadatar. Firiza na iya fasa kwalba in an manta da ita. Wajen buɗewa a warware wayar da babban yatsa a kan murfi, a karkata kwalbar, a riƙe murfin gam a juya kwalbar a hankali har gas ya fita. Girgizawar da samari ke yi don murfi ya yi tsalle asarar lemo ce, kuma murfin na iya fasa wa wani ido. Ragowar da aka buɗe a toshe a sa a firiji, a shanye cikin kwana biyu.