Harshen mai kilishi ba ma'auni ba ne

A rumfata ta kilishi a Garwa ni ke zaɓen nama, ni ke duba yanka, ni ke haɗa labu, wato kwaɓin tunkuza da kayan yaji da ake tsoma naman a ciki, amma ɗanɗanon ƙarshe ba nawa ba ne. Yaron da ya zo aiki kwanan nan nake kira ya sa a baki. In ya ce, "Maigida, ya yi," shi ke nan. In ido ya kawo ruwa, a ƙara tunkuza.

Abokan sana'a suna min dariya, wai na bai wa almajiri alƙalanci. Ina da dalili. Harshe abu biyar yake rarrabewa: zaƙi, ɗaci, tsami, gishiri da daɗin nama irin na romo. Yaji ba ya ciki, hanyarsa daban. A kan jijiyoyin da ke kai saƙon zafi akwai wata 'yar ƙofa da masana ke kira TRPV1, tana buɗewa in zafi ya kai wajen digiri 43. Sinadarin barkono, kafsaisin, shi ma yana buɗe ta. Saƙo ya haura ta jijiyar fuska zuwa ƙwaƙwalwa, ita kuwa ta ɗauka baki ya ƙone, sai gumi da majina su ɓalle, alhali naman tun jiya ya huce. David Julius na Amurka da mutanensa suka gano ƙofar a 1997, a 2021 kuma aka ba shi kyautar Nobel tare da Ardem Patapoutian.

Jijiyar da ke shan yaji kullum takan dakushe. Ni da na tsufa a bakin tukunyar labu, abin da zan ce da sauƙi, baƙo zai ci yana huci. Ga kanumfari kuma, mai sa harshe ya yi ɗan nauyi in ka yawaita ɗanɗanawa. Don haka barkono, citta da masoro duk a sikeli nake auna su, ban yarda da hannu ba.

Wanda yaji ya kama na kan hana shi ruwa. Kafsaisin ba ya narkewa a ruwa, maiƙo yake bi. Kindirmo shi ne magani, kuma ba ya wuya a garin nan.

Lokacin da ya fi ba ni ciwon kai shi ne hunturu. Ƙura ta taso, mura ta toshe hanci, mai saye ya dawo yana cewa, "Alhaji, kilishin bana ba armashi." Labun bai canza ba. Ƙamshin gasasshen nama ta bayan maƙogwaro yake hawa hanci, inda akwai masu karɓar ƙamshi iri wajen 400. In hancin ya toshe, ɗanɗanon harshe irin su gishiri da raɗaɗi kawai suka rage. Irin wannan na kan ba shi ɗan yanki kyauta, in ce ya ajiye sai murar ta sake shi.