Akwatin Asusu a Ƙarƙashin Gawo

Ranar Lahadi na je gaida innata a ƙauyenmu na wajen Madarunfa, na tarar da mata zaune ƙarƙashin gawo, akwatin asusunsu a tsakiya, kowace tana miƙa zubinta na mako. Wannan tsari na zubi da rance, da ake kira Mata Masu Dubara, a jiharmu ta Maradi ya samo asali tun 1991, kuma ko da yake waɗanda suka koya musu sun daɗe ba su leƙo ƙauyen ba, zubi bai taɓa tsayawa ba.

Sai na tuna 2023, lokacin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba wa ƙasarmu Nijar takunkumi, aka rufe iyakarmu da Najeriya ta Ɗan Issa, Najeriya ta yanke wutar lantarki, masu ba da tallafi da dama suka janye hannu. Mu a birni muka yi ta kukan tsadar shinkafa da ƙarancin magani. Su kuwa daga akwatin nan suka riƙa rancen kuɗin gyaɗa, suna matsar mai, suna suyar ƙuli-ƙuli, kuma ban ji wadda ta hana biya ba.

Gaskiya na ji kunya, ni mai albashi. Da zan tafi, inna ta ce: "Kawo jaka biyu, a rubuta sunan matarka."