Asabar: Baho, Ƙusa da Tsinken Ashana

Yau wuni guda ya tafi kan tambaya ɗaya da ɗalibai ba sa gajiya da ita: wai ruwan da ke zurarewa ta rami yakan juya wani gefe a arewacin duniya, ya juya ɗaya gefen a kudanci?

Da hantsi na huda tsakiyar gindin tsohon bahon roba da ƙusa mai zafi, na toshe ramin da yatsa ta ƙasa, na cika shi, na ɗora tsinken ashana a kai don a ga juyawar. In aka zuba ruwan ta gefen dama, tsinken ya bi wannan hanyar. In aka zuba ta hagu, sai ya sake. Ko yadda aka zare yatsa ma yana canza lissafi. Bakin ramin da ƙusa ta bari da kaushi shi ma yana da nasa ra'ayin. Bahon dai bai san ko a wane ɓangaren duniya yake ba.

Ƙarfin da ake cewa shi ke jawo wannan juyi, wato ƙarfin Coriolis, gaskiya ne. Sunansa ya samo daga Gaspard-Gustave de Coriolis, Bafaranshen da ya yi bayaninsa a 1835: saboda duniya na juyawa, abin da ke tafiya a kanta yakan karkata dama a arewa, hagu a kudu. Shi ya sa manyan guguwowin teku ke juyawa akasin hannun agogo a arewa, su bi hannun agogo a kudu. Amma su faɗinsu ɗaruruwan kilomita ne, kuma sukan yi kwanaki suna haɗuwa. Baho kuwa minti biyu ya ƙare.

Ga lissafin da ya fi gamsar da ni. A Kano, wajen digiri 12 arewa da ikweta (layin da ya raba duniya arewa da kudu), juyin da ƙasa ke ba wa ruwan da ke zaune bai wuce zagaye ɗaya cikin kimanin awa 115 ba, kusan kwana biyar. Motsin da bokiti ya bari lokacin zubawa ya ninka wannan sau dubbai, kuma ruwan da ido ke gani ya kwanta yana nan yana yawo a hankali har awanni. Haka ƙananan guguwar rani da ke kwasar leda da ƙura a fili, kowane gefe suke juyawa.

Duk da haka an taɓa ganin abin. A 1962 Ascher Shapiro na jami'ar MIT a Amurka ya yi amfani da tanki zagayayye mai faɗin ƙafa 6, zurfin inci 6, da ɗan rami a tsakiya. Da gangan ya zuba ruwan yana bin hannun agogo, ya rufe saman don kada iska ta taɓa shi, ya bar shi awa 24. Zurarewar ta ɗauki wajen minti 20. Fiye da minti goma na farko abin da ya ɗora a saman ruwan bai juya ba, sai can ya fara tafiya akasin hannun agogo, zagaye ɗaya cikin daƙiƙa uku zuwa huɗu. Dalili: ruwan da ya taso daga bakin tanki yana matsowa tsakiya, ɗan juyin da yake ɗauke da shi sai ya ƙaru, tamkar mai wulwula dutse a igiya ya gajarta igiyar. A 1965 aka maimaita a Sidni ta Ostiraliya, ruwan ya bi hannun agogo. Wanda ya gaza haƙuri ya buɗe da wuri, juyin zubawar kawai zai gani.

Masu nuna wa 'yan yawon buɗe ido wannan a Nanyuki ta Kenya, garin da ke kan layin ikweta, kuwa, wasa ne. A kan layin ikweta wannan ƙarfi sifili ne, taku goma arewa ko kudu ba za su tashe shi ba. A kula da gefen da suke zuba ruwan, da kuma gefen da suke juyowa da kwanon a hannu.

Bayan la'asar na sake cika bahon, na liƙe ramin ta ƙasa, na rufe shi da faranti a ɗakin da ba a shiga. Gobe war haka zan buɗe, ko da yake ƙanƙantarsa da kaushin ramin nan sun isa su ɓata komai.